Jujin Iya Basira

Har yanzu idan na farka da asuba sai na tsinci kaina ina kasa kunne ko zan ji ƙarar tsintsiya. Ba na ji. Abin da ke shigo mini ta taga shi ne kukan babur ɗin mai sammako da rurin injin maƙwabta. A gidan da na tashi kuwa, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Maska, tsintsiya ce take biye wa kiran salla. Kafin maza su dawo daga masallaci Inna ta riga ta duƙa a tsakar gida, hannu ɗaya a gadon baya, tana jan shara daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin rumbu. Ta bayan danga kana jin ta maƙwabta, kowace mace da irin jan hannunta, har nakan gane wadda ta makara ba tare da na buɗe ido ba. Tun ina ƙarami ba ni da yawan magana, na fi son zama a zaure da littafi, saboda haka abubuwa da yawa na gidanmu da kunne na riƙe su.

Abin da Inna take tarawa da tsintsiya ba ta kiransa datti, domin kusan komai yana da inda za shi. Dusa ta awaki ce. Ƙanzon tukunya a shanya shi a ajiye don ranar da za a yi kwaɗo. Tokar kara a tace ta a sa a miya in kanwa ta yanke. Ƙwarya in ta tsage sai a jira mai gyartai ya biyo ta ƙauyen, in ta wuce ɗinki ta zama sakainar kwasar shara. Gwangwanin madara yana komawa fitila, kwalba tana jiran man gyaɗa, tsohon zane ya zama gammo, gammo in ya gaji ya tafi juji. Jujin nan yana bayan gida, kuma shi ma ba ƙarshen tafiya ba ne, wurin jira ne. Can kashin awaki da na kaji da ɓawon gyaɗa da ragowar toka suke kwanciya a kan juna su ruɓe, da rani a kwashe su zuwa gona. Baba yakan ce shi bai taɓa ganin abin da ya shiga juji ya ƙi komawa ƙasa ba, in ban da ƙarfe da kwalba, su kuwa ba mai hankalin da zai zubar da su. Mun yarda da wannan magana kamar yadda muka yarda damina za ta dawo.

Kwanakin baya na ratsa ta bayan tashar mota a Funtuwa bayan an ɗauke ruwan sama. Kwata ta toshe, ruwa ya hau titi, leda baƙa da fara tana yawo a kansa. Wani tulin shara ya kai tsayin katanga, mutane suna wucewa da hannu a hanci. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin, domin in idona bai yaudare ni ba, daidai nan jujin Iya Basira yake a da, jujin da mahaifina ya yi shekaru yana kishinsa kamar gonarsa.

Gonar Baba ta gado ce, jigawa mai faɗi, an noma ta tun zamanin kakansa har ta gaji. Jujin gidanmu da turken awakinmu ba sa rufe ko kusurwarta ɗaya. Al'adar lokacin ita ce manomin da gonarsa ta fi ƙarfin jujin gidansa ya nemi wani gida a cikin gari ya ƙulla da su. Da rani ya zo ya kwashe musu juji tas, ya share wurin, da kaka kuma ya aika musu da damin dawa ko na gero. Ba ciniki ba ne, ba wanda yake auna wa wani. Amma in aka ce jujin gidan wance na wane ne, to an gama magana, wani manomi ba zai kai jakinsa wurin ba ko da mai shi ya makara. Har gadon irin wannan alaƙa ake yi. Namu shi ne jujin Iya Basira, kuma kowa a gidanmu ya san ba don shi ba da gonar nan ba ta ciyar da mu.

Iya Basira Bayarabiya ce. Ta zo Funtuwa tana amarya, mijinta direban motar auduga. Da ya rasu ba ta koma gida ba, ta ci gaba da sayar da abinci a rumfarta ta bayan tasha, sakwara da shinkafa, da alale da agidi waɗanda take naɗewa a wani faffaɗan ganye da motocin goro suke kawo mata daga kudu. Ɗanta Tajudin sa'ana ne, a Funtuwa aka yanke masa cibiya, Hausarsa ba ka raba ta da tamu. Shi mai surutu, ni mai saurare, shi ya sa tamu ta zo ɗaya. Murhun Iya ba ya mutuwa daga safe har yamma, don haka toka ba ta yankewa a jujinta. Ga ɓawon doya, ga ganyen alale da masu ci suka lashe suka yar, ga kashin awakin da take kiwo a bayan rumfa. In aka sa shebur aka buɗe shi sai ka ga cikinsa baƙi wuluk yana tururi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Ranar kwasa ba a fara aiki sai an ci abinci. Baba zai zauna a kan benci yana ci yana share hawaye, yana rantsuwa da gangan ta ƙara yaji saboda shi. Ita kuma ta ce mutumin da ya tashi da miyar kuka ai komai yaji ne a wajensa. Wata shekara ya roƙe ta ta rage barkono a jujin, wai masararsa ta fara sa yara tari. Ta ce masa taimakonsa take yi, tun daga saiwa take gyara masa tuwon. Akwai gaskiya a cikin wasan, domin kowace damina sai tumatir da attaruhu sun tsiro da kansu a tsakanin kunyoyinmu, daga irin da ya biyo takin. Baba ba ya bari a nome su. Inna takan aika a tsinko mata, in ta yi miya da su ta ce yau Iya ce ta yi mana cefane. Inna da Iya ba su san fuskar juna ba, sai dai gaisuwa, wannan ta aika da daddawa, waccan ta aiko da manja.

A shekarun nan ne takin zamani ya yawaita, manoma da yawa suka saki gidajensu na gari, suka ce wa zai yi ta jigilar shara ga abu a buhu. Baba ma yana sa na buhun, amma bai saki juji ba. Cewa yake na buhu na shekara ɗaya ne, na juji kuwa kana cin alherinsa baɗi da baɗi waccan. Da can da jakuna da mangala ake kwasa, daga baya Allah ya hore masa shanun huɗa biyu da amalanke. Ɗaya Fari, mai sanyin hali. Ɗayan muna kiransa Bahago, domin a hagun karkiya yake ja, in aka sauya masa gefe sai ya tsaya cik ko za a kwana ana dukansa. Bahago yana da kwaɗayin gishiri. In na yi gumi ina ɗaura masa igiya sai na ji harshensa mai kaushi a damtsena. Lokacin na shiga kwalejin horon malamai, hutun rani kuwa a kan amalanken nan nake yinsa, Baba a gaba da igiya, ni a baya da shebur, ƙafar amalanke tana kuka irin na ƙofar da ba a sa wa mai ba tun daga bakin gari har gona.

Leda ba ta shigo mana a matsayin shara ba, da daraja ta shigo. Na tuna ledar burodi ta farko da ta shiga gidanmu. Inna ta wanke ta, ta shanya a kan igiya tare da zannuwa, ta riƙa ajiye allura da zare a ciki. Ni ma da na samu ɗaya na daɗe ina sa littattafaina saboda ruwa. Ba mu ankara ba ta yi arahar da ake ba da ita kyauta. Ganyen Iya kuma ya fara wuya, wani lokaci mota ta iso da shi ya riga ya yi yaushi, matafiya kuwa sun fi son abin da ba zai ɗiga musu mai a riga ba. Wata ranar kwasa Iya ta fito da wata farar leda tana murna ta nuna wa Baba, ta ce ga sabon ganyenta, ba ya bushewa ba ya yagewa. Baba ya karɓa ya murza a tsakanin yatsu, ya ɗaga ya hango rana ta cikinta. Ya ce abin da bai kai ɓawon albasa kauri ba ai ruwan farko zai cinye shi. Ya juyo ya tambaye ni ko an ce mana wani abu a kanta a makaranta. Na ce ba a ce ba, kuma ni ma ganina ke nan. Duk wanda yake wurin ganinsa ke nan.

Ranin farko ba ta da yawa, muka huɗe ta tare da taki muka manta. Rani na biyu kuwa da muka buɗe juji sai ga ta ko'ina, shebur yana sarƙewa a cikinta. Muka loda duka. A wajenmu abin kunya ne ka zo jujin mutum kana zaɓe, kamar baƙon da aka kawo wa tuwo ya zauna yana tsince-tsince a miya gaban mai gida. Ko ka kwashe tas ko ka bari, wannan ita ce ƙa'ida. Muka kai gona muka juye tsibi-tsibi yadda aka saba, a bar shi har damina ta matso a baje. Da rani a gonar ake sakin shanu su ci ragowar kara. Bahago ya daɗe da sanin tsibin nan, domin shekara da shekaru yana zaro ganyen alale mai maiƙo da gishiri yana ci ba abin da ya same shi. Da muka gan shi yana tauna, wani farin zare yana reto a bakinsa, dariya muka yi. Baba ya ce ai ya samu sabon ganyen Iya, ya ga kuwa ya fi na da daɗi.

Da bazara ta kama, zafi ya tsananta, Bahago ya fara rage cin abinci. Sai a zuba masa harawa ya shinshina ya kau da kai. Ya daina tuƙa. Cikinsa ya kumbura gefe ɗaya ya yi tauri, ƙasusuwan bayansa kuma suna fitowa, kamar sa biyu a fata ɗaya, mai ƙiba da ramamme. Aka ba shi kanwa, aka ɗura masa man gyaɗa, aka jiƙa sassaken maɗaci. Wani Bafulatani maƙwabcinmu da ya tsufa cikin shanu ya zo ya danna cikin, ya kara kunne, ya ce akwai abin da ya tsaya a ciki amma bai san ko mene ne ba. Malamin dabbobi ma ya zo daga gari ya yi allura, ya ce a jira a gani. Muka jira. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, maƙwabta suna gyara garmunan shanunsu, Baba kuwa ya mai da zamansa gindin turke. Fari yana tsaye a gefe yana kallon ɗan'uwansa, shi ma ba ya cin kirki.

Wata safiya Bahago ya kasa tashi. Baba ya aika aka kira mahauci kafin ya zama mushe, kuma shi da kansa ya riƙe igiyar. Da aka feɗe aka zo kan tumbi, mahaucin ya sa wuƙa ya tsaya, ya ce a zo a gani. Ya sa hannu biyu ya jawo wani dunƙule baƙi-baƙi, a murɗe kamar igiyar rijiya da aka naɗe, ya fi tulu girma. Ba wanda ya gane shi da farko. Baba ya sa aka kawo ruwa, ya yanko ɗan gefe ya wanke, ya warware a kan gwiwarsa. Farar leda ce, lafiyarta lau, da ƙullinta yadda aka ɗaure alale. Wuta irin ta cikin sa, wadda take narkar da kara da ƙaya, ba ta yi mata komai ba. Mutane suka yi ta salati suna miƙa wa juna. Baba ya bar musu ita. Ya miƙe ya juya yana kallon wajen gona, inda muka riga muka baje takin nan daga wannan iyaka zuwa waccan.

Daminar nan ta zo mana da wuya. Sai da maƙwabcinmu ya gama huɗarsa sannan ya ara mana sa, shi kuma tafiyarsa ba ta zo ɗaya da ta Fari ba, kunya tana fita a karkace. Muka yi shuka a makare. Abin da ya fi tsaya wa Baba a rai shi ne da garma ta kifa ƙasa sai ga ledar bara tana fitowa. Ya ɗauki ɗaya ya kaɗe, ya ja ta da hannu biyu, ta miƙe ba ta tsinke ba. Ta sha ruwan damina guda cur a cikin ƙasa, gara ta bi ta kanta ta wuce. Daga ranar ya rataya tsohon buhu a kafaɗa, duk noman da zai yi yana yi yana tsinta, mu ma haka. Inda ta taru da yawa masara takan fito rawaya ta tsaya, in ka tona ka tarar saiwar ta lanƙwashe tana neman hanya. Maganar nan da ya saba yi, cewa komai na juji ƙasa yake komawa, ban sake jin ta a bakinsa ba.

Ya hana kowa a gidan faɗa wa Iya abin da aka gani a cikin Bahago. Ya ce a ce ciwo ne. Da kaka ya ɗaure damin dawa kamar kullum ya ce in kai mata. Ta karɓa, ta tambayi mutanen gida, ta yi mini jajen sa, ba ta ƙara komai ba. Rani ya zo Baba bai je kwasa ba. Ta aiko, ya ce amalanke ba ya tafiya da sa ɗaya. Ta sake aikowa, ya ce yana nan tafe. Inna ta ba shi shawara a kwaso a tsince a gona, ya ce iska za ta riga mu watsa ta, kuma Fari kaɗai ya rage masa. Amma ya kasa buɗe baki ya ce ya saki jujin, domin sakinsa yanke zumunci ne, kuma ya san gonarsa ba za ta jure rani biyu babu taki ba. A can gari kuwa juji yana ta girma. Ba manomin da zai taɓa shi tun da an san na Baba ne. Ƙudaje suka yi yawa, maƙwabtan rumfa suka fara gunaguni, duba-gari ya fara zarya yana cewa zai rufe mata wurin abinci.

Wata rana da hantsi sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu. Tajudin ya sauko da damin dawa a ka, Iya ta biyo shi da mayafinta na zuwa biki. Ba ta taɓa zuwa ƙauyenmu ba. Na shimfiɗa tabarma a zaure, suka gaisa da Baba doguwar gaisuwa, aka tambayi yara da awaki da kasuwa, kowa yana kallon ƙasa. Sannan ta nuna damin.

“Malam Haruna, ga dawarka. Ko zangarniya ɗaya ban taɓa ba.”

“Haba Iya, ana mayar da kyauta?”

“Ba kyauta ba ce, ta juji ce. Jujin kuwa yana can yana kallona.” Ta gyara zama. “Kullum da safe wajen mahauta nake sayen nama. Kana zaton abu irin wannan zai fito daga cikin sa su yi shiru? Tun kafin fatarsa ta bushe na ji. Na zauna ina jira ka zo ka faɗa mini da bakinka, ko zagi ne ka yi ka wuce. Sai ka aiko mini ɗan makaranta da dawa.”

Baba ya shafa gemu. “Me zan ce miki, Iya? Ke ba ki sani ba, ni ban sani ba. Da hannuna na loda, shi kuma da wuyansa ya jawo ta har gona. In na zo na ce ledarki ce, na ɗora miki sa a ka. In na zo ina tsince-tsince a jujinki gaban mutanen tasha, na ci mutuncinki.”

“To barina da duba-gari shi ne mutuncin?”

Ta tashi ta shiga cikin gida wajen Inna, suka daɗe, muna jiyo dariya, can kuma muka ji shiru irin na masu share hawaye. Da za ta tafi ta ce masa ya zo ya duba jujin da idonsa. In bai yi masa ba ya faɗa a fili ya sake shi, ta nemi wani, su rabu suna gaisawa. Dawar kuwa ta ce a bar ta a zaure sai an san matsayinta.

Muka aro jakuna muka tafi kamar zamanin da. Ni dai ban san ko da kaya za mu dawo ba. Da muka isa sai na ga jujin ya sauya. An matsar da shi gefe, ya yi laushi kamar ƙasar da aka tankaɗe. Tajudin ya ja ni gefe ya ba ni labari. Tun da ta ji maganar a mahauta ta sa aka ajiye tsohuwar ganga a bakin rumfa, ta ce wa 'yan matan da ke mata wanke-wanke duk wadda ta zuba leda a juji ta nemi wata uwar ɗakin. Tsohon tulin kuwa rariyar magina ta aro, in ciniki ya lafa da la'asar ita da su da shi suna tankaɗewa kaɗan-kaɗan. Mace mai shekarunta, wadda direbobi suke rusuna mata, ta ɗaure zane a ƙugu tana tonon juji. 'Yan tasha suna tsokanarta ko ɗan kunnen zinariya ta yar, ta ce musu san huɗa ta yar, shi take nema.

Baba ya karɓi shebur daga hannuna. Ya tona nan, ya tona can, ya kai har ƙasa, ya tsuguna yana murza takin a tafin hannu. Iya tana tsaye a bakin rumfa da ludayi tana kallonsa. Can ya ci karo da wani ɗan yankin leda da ya tsere wa rariya. Na ga ya dunƙule shi a hankali ya sa a aljihu, yana yi kamar goro yake nema.

“Fito da ita, Malam,” in ji Iya. “Daga yau wannan kunyar ta ƙare. Abin da ka gani ka tsince a gabana, in mutanen tasha sun yi magana ka turo su wajena.”

Ya fito da ita, ya taka ya jefa a ganga. Ya dube ni ya ce in kawo mangala.

Baba ya ci gaba da kwasar jujin nan har ƙarfinsa ya ƙare, kuma gonar ta riƙe mu har muka kama kanmu. Sai dai abin da shi da Iya suka yi bai bi gari ba. Yanzu a leda ɗaya ake ƙulle toka da ragowar tuwo da ɓawon doya da mataccen batir, a miƙa wa mai baro ya kai inda ba a tambaya. Manomi yana kukan tsadar taki, mutumin gari yana kukan shara, alhali rabin abin da ke wari a bakin titi shi ne abin da ƙasarmu take ƙishirwa. Ba a rasa jaki ko mota ba. Abin da aka rasa shi ne gidan da ya san gonar da shararsa za ta, har ya ji nauyin abin da yake zubawa.

Amma ko a ranar da muka je da jakunan nan akwai abin da ya gagari Baba da Iya. Gangar ta cika har tana zubowa, an ajiye wata a gefenta ita ma ta kusa. Tajudin ya ce ya gwada ƙonawa, baƙin hayaƙi ya kori masu cin abinci, warin ya kama shinkafa, Iya ta yi kwanaki tana tari. Binnewa kuwa mun riga mun san sakamakonta. Muna ɗaure kayan ƙarshe Iya ta nuna gangunan da ludayi.

“To waɗannan fa, Malam, wa zai kwashe?”

Baba ya tsaya da igiyar jaki a hannu yana kallonsu.

“Wannan ba ta da gona, Iya.”

Ta gyaɗa kai. Muka kora jakuna. Da muka kai kwanar tasha na waiwaya, sai na hango ta ta ɗauko taɓarya tana danna ledar cikin ganga, tana nema wa ta gobe wuri.